Bayani a kan babin cutarwa da reno, da yadda al'ada ta shiga gabansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai almajiri, ganyayen da muka iso a wannan kwafi na Tuhfatul Hukkam sun fi sauran tsufa. Gefensu ya yi baƙi don yawan taɓawa, kuma fassarar ajami ta cika tsakanin layuka har tawada ta hau tawada. Babin cutarwa ne da babin hadana, wato renon ƴaƴa bayan rabuwar aure. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan hijira, ya tsara littafin a waƙe domin alƙalai, kuma da shi da Risala da Muhtasar na Halilu malaman ƙasar nan suka yi ta hukunci, daga Damagaram har Adar.

Abin da littattafan suka ce a kan cutarwa bai da duhu. Matar da miji ke duka ko zagi tana da haƙƙin alƙali ya raba auren, ko da shaidu ba su ce abin ya maimaitu ba. Ba dole sai an gani da ido ba: idan labarin ya bazu a bakin maƙwabta, wannan jin ya isa shaida. In ta yi ta kai ƙara babu shaida, a zaunar da su cikin mutanen kirki. In abin ya ƙi, a aika masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, kamar yadda ya zo a suratun Nisa'i, kuma a wurin Malikawa rabuwar da suka yanke tana zartuwa ko ma'auratan ba su so ba.

Akwai mas'ala guda da nake so ka riƙe. Macen da ta fanshi kanta da dukiya, wato hul'i, sannan ta tabbatar cutarwa ce ta kore ta, sakin ya tabbata, dukiyarta kuma a mayar mata. Ina yaro a zauren malaminmu, Allah ya jiƙansa, wata mata ta zo da tabo a goshi. Ubanta ya sayar da ɗan bijiminsa ya mayar da sadaki don a sake ta. Malam ya sa aka kira maƙwabta biyu, ya saurare su, ya buɗe Risala, ya aika wa mijin cewa kuɗin nan ba halalinsa ba ne. Mijin ya ɗauki watanni yana kai da komo kafin ya biya rabi. Ragowar ban ji an biya ba.

To, reno fa? A mazhabar Maliku uwa ce ke riƙe da ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har mijinta ya tare da ita, ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba. Idan uwar ta auri bare ya tare da ita, haƙƙinta ya faɗi, amma ba ga uba yake komawa ba. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan ƴar'uwar uwa, kuma uba sai can baya. Hujjar da uba ke da ita ta ɗaukar yaro ita ce ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi 6. Yanzu dubi abin da ake yi a garuruwanmu: ana yaye yaro, ko ya kai shekara 7, sai a zo a ɗauke shi, a ce shari'a ce. Maganar shekara 7 tana nan a wasu mazhabobi, Hanafawa ga ɗa namiji, Shafi'awa kuma suna bai wa yaro zaɓi in ya yi wayo. Ba maganar Halilu ba ce. Namu dai al'ada ce tsohuwa, wadda ke ganin ɗa na gidan ubansa ne, hannun noma ne kuma a gandu.

Yadda al'adar ta sami kujera a gidan shari'a ya biyo zuwan Nasara. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma dokarsu ta 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, inda aka ce a yi hukunci da al'adar masu shari'a. Kwamandan bai karanta Muhtasar ba. Abin da sarakai da dattawa suka faɗa masa ta bakin tafinta shi ya rubuta, fiƙihu da gargajiya a ƙwarya guda. Bayan mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta bar aure da saki da gado a hannun al'ada, alƙali yana zama da masu ba shi shawara a kanta, kuma dokar 2004 ta bi wannan sawu. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali a 1993, aka sake a 2011, duka biyun suka tsaya saboda adawar ƙungiyoyin addini.

Ba na shiga gardamar kundin a nan. Abin da ya dame ni shi ne, mun tashi tsaye mun kare shari'a daga abin da muke ganin baƙo ne, amma ban ga mun tashi irin haka ba ranar da aka raba yaro ɗan shekara 3 da uwarsa, alhali hukuncin yana cikin gafakarmu. Ni kaina an taɓa tambayata a gaban wani mai hali, na san amsar, na ce a je a yi sulhu. Allah ya gafarta mini.

A bugun nan na bar fassarar ajami ta gefen shafi yadda mai kwafi ya rubuta ta. Inda ya fassara hadana da reno na bar shi, inda tawada ta goge na sa alama ban cike da zato ba. Jerin masu haƙƙin reno kuwa na daidaita shi da na Halilu, domin kwafinmu ya tsallake sunan ƴar'uwar uwa. Allah ne mafi sani.