Rudolf Gaudio da Bincikensa kan 'Yan Daudun Kano

Rudolf Pell Gaudio Ba'amurke ne, masanin harshe da al'adun al'umma, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Stanford. A shekarun 1990 ya zauna a Kano yana nazarin rayuwar 'yan daudu, daga bisani ya tattara sakamakon a littafinsa Allah Made Us, wanda ya fito a 2009.

'Yan daudu maza ne masu ɗabi'u da lafazin mata. Galibinsu sana'arsu dafa abinci da sayarwa a tashoshin mota da kasuwanni, wasu kuma kawalci. Masana na danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori.

Jigon binciken shi ne rabe-raben jinsi na Turawa ba su bayyana su yadda suke ba. Yawancinsu suna ɗaukar kansu maza Musulmi, suna aure, suna haihuwa, wasu har sun sauke farali. Amma a tsakaninsu sukan kira juna "ke" da "ƙawa", sun kuma ƙware wajen habaici.

Littafin ya nuna yadda kafa Shari'a a Kano a 2000 ya takaita walwalarsu da hanyoyin neman abincinsu. Bayan fitowarsa, dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ta ƙara matsin. Malamai na ganin daudanci saɓa wa addini ne. Ga masu cewa baƙuwar al'ada ce daga Turai kuwa, binciken ya nuna ta daɗe a ƙasar Hausa, da sunanta na gida.