Daga BibTeX Zuwa Wayar Hannunka: Tarihin Manhajojin Da Ke Tsara Manazarta

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, kuma ya fi shafar ɗalibai masu rubuta furojet.

Nan Wudil muna da jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horas da 'yan sanda da ke ba da digiri. Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe sai ya rubuta kundi, kuma a bayan kowane kundi akwai shafin da ake kira manazarta, wato jerin littattafai da muƙalun da ya ɗauko bayani daga cikinsu. Shafin nan ƙarami ne amma yana iya hana mutum barci. Waƙafi ɗaya ya ɓace, ko shekara ta zo inda ba wurinta ba, sai malami ya ja jan biro, a koma shagon buga takardu a sake biyan kuɗi. Wanda kuwa ya ɗauko maganar wani bai faɗi mai ita ba, sunan laifinsa satar fasaha, kuma yana iya jawo a soke aikin gaba ɗaya.

Faɗin inda ka samo magana ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun gina iliminsu a kan isnadi: wane ya ji daga wane, har a kai tushe. A Bagadaza, a shekarar 987, wani mai sana'ar littattafai, Ibn Nadim, ya rubuta Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani da sunayen marubutansu. A ƙasarmu kuma, wajajen 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Manufar ɗaya ce da ta shafin manazarta: mai shakka ya bi sawu ya gani da idonsa.

Abin da jami'o'in Turai da Amurka suka ƙara shi ne dokokin tsari. Salon sa sunan marubuci da shekara a cikin baka biyu ana danganta shi da wani malamin jami'ar Harvard, Edward Mark, a 1881. Littafin dokokin Chicago ya fito a 1906. Salon APA, wanda sassa da yawa a jami'o'inmu ke bi, ya faro ne daga wata muƙala mai shafi bakwai a 1929, yau yana bugu na bakwai wanda ya fito a 2019. Injiniyoyi kuma suna da nasu na IEEE, mai amfani da lambobi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matsalar ita ce a zamanin tafireta, in kana da manazarta sittin masu lamba ka cusa sabo ɗaya a tsakiya, duk lambobin da ke bayansa sai sun canza, har da na cikin rubutun. Da hannu ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Masu kwamfuta ne suka fara gajiya da wannan wahala. Wajajen 1978 Mike Lesk na ɗakin binciken Bell a Amurka ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna refer, wadda ke ɗauko bayanin littafi daga ma'ajiya ta sa shi a takarda. Kusan lokaci ɗaya Brian Reid na jami'ar Carnegie Mellon ya yi Scribe, ita ma da nata tsarin ajiyar manazarta.

Amma babban labarin ya faro ne daga ɓacin ran wani farfesa. A 1977 Donald Knuth na jami'ar Stanford ya ga gwajin bugun sabon fitowar littafinsa, bai ji daɗin yadda haruffa da alamomin lissafi suka fito ba. Sai ya ajiye rubutun littafin ya zauna ƙirƙirar manhajar tsara rubutu don ɗab'i, ya sa mata suna TeX, ana furta shi kamar "tek". Ya zaci aikin 'yan watanni ne, sai da ya ci kusan shekara goma. Kuma kyauta ya sake ta. Da yake TeX tana da wuyar sha'ani, Leslie Lamport ya ɗora mata wani tsari mai sauƙi, LaTeX, a farkon shekarun 1980. Sai a 1985 Oren Patashnik, ɗalibi a Stanford, ya haɗa BibTeX domin ta riƙa kula da manazarta kawai.

Dabarar BibTeX irin ta ajiyar lambobi ce a waya. Sau ɗaya kake ajiye lambar mutum, daga nan sunansa zai riƙa fitowa a kira, a saƙo, a WhatsApp. In ka gyara sunan a wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru. To haka take. Kana da fayil guda mai ƙarewa da .bib, a ciki ka rubuta marubuci, sunan littafi, shekara da maɗaba'a, sannan ka ba kowane littafi ɗan gajeren laƙabi. Misali Magana Jari Ce na Abubakar Imam ka kira shi imam1937. A cikin rubutunka laƙabin kawai za ka ambata. Sai fayil na biyu, na salo, wanda shi ke faɗin yadda jerin zai fito. In ka zaɓi APA, za ka ga Imam, A. (1937). In ka koma IEEE, sai ya zama [1] A. Imam, lambobin kuma su jera kansu. Kamar sauya wa waya marfi ne, injin ciki yana nan yadda yake. Kuma littattafan da ka ambata a rubutun kaɗai za ta jera, ba za ta manta da ko ɗaya ba.

Wani abin dariya, BibTeX ba ta taɓa kai wa sigar 1.0 ba. Ta tsaya a 0.99 tun 1988, ƙananan gyare-gyare kawai ake yi mata, amma har gobe masana lissafi, fiziks da kwamfuta na aiki da ita.

Su kuma masu amfani da Microsoft Word aka yi musu nasu. EndNote ta fito a ƙarshen shekarun 1980, ta kuɗi ce. Google Scholar ya zo a 2004. A 2006 wata cibiyar tarihi a jami'ar George Mason ta saki Zotero kyauta, a lokacin a cikin burawzar Firefox take zaune. Word 2007 ya zo da sashen manazarta a jikinsa. Mendeley ta fito daga Landan a 2008, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013, ya kuma rufe manhajarta ta waya a 2021, don haka kar ka wahalar da datarka kana nemanta. Overleaf, wanda ya faro a 2012, ya sa ana iya rubuta LaTeX a burawza ba sai an girka komai ba. A 2018 masu Zotero suka buɗe ZoteroBib, shafin da ke aiki lafiya lau a waya. Abin da ya sauƙaƙa duk wannan shi ne lambobin shaida: ISBN na littattafai, mai lamba 13 tun 2007, da DOI na muƙalu, wanda ya fara aiki a 2000. Da lambar kaɗai manhaja ke janyo sauran bayani daga intanet.

Sai dai fa waɗanda suka ƙera manhajojin nan ba da sunayenmu a ransu suka yi ba. BibTeX kalmar ƙarshe take ɗauka a matsayin sunan dangi. Ka rubuta mata Ado Ahmad Gidan Dabino, sai ta fitar da Dabino, A. A. G., ta raba gidan da dabinonsa. Maganin shi ne ka rubuta Gidan Dabino, sai waƙafi, sai Ado Ahmad. Haka sunaye masu "ɗan" a tsakiya, sai ka nuna mata inda sunan ya fara. Ga kuma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ. Tsohuwar BibTeX an yi ta kafin Unicode ya bazu, tana iya rikicewa wajen jera sunayen da ke ɗauke da su. Shi ya sa mai rubutu da Hausa zai fi jin daɗin biblatex, wadda Philipp Lehman ya fara a 2006, tare da abokiyar aikinta Biber. Sannan tsofaffin littattafanmu da aka buga a Zariya, da littattafan hikaya na kasuwar Kano, da yawansu ba su da lambar da manhaja za ta janyo, dole ka cike da hannu kana kallon bangon littafin.

Sabuwar fitina kuma ita ce ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ɗalibai ke cewa ta ba su manazarta. Tana iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara, tsaf-tsaf a salon APA, alhali babu muƙalar a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da ChatGPT ta ƙago musu. In lauya bai tsira ba, ina ga ɗalibi a gaban malaman da za su yi masa tambayoyi ranar kare kundi? BibTeX da Zotero abin da ka ba su suke tsarawa, ba sa tantance gaskiyarsa. Wannan aikinka ne.

Ga mai son gwadawa a waya yanzu: da farko tambayi sashenku salon da suke bi da kuma bugu na nawa. Buɗe zbib.org a burawza, liƙa DOI ko ISBN ko adireshin shafin, zaɓi salon, ka kwafe jerin zuwa takardarka. Ko ka nemi muƙalar a Google Scholar, ka danna alamar zance da ke ƙasanta, za ka ga APA da sauransu, har da BibTeX. Bayan haka ka duba suna, shekara da lambar shafi da idonka, domin ma'ajiyar intanet ma tana kuskure. Kuma duk abin da ka karanta, ajiye bayaninsa tun ranar, kar ka bari sai daren miƙa aiki.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. A rubutu na gaba in Allah ya kai mu za mu bi yadda ake buɗe Overleaf a waya mataki-mataki. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, amin.