Sauron Daji da Cutar Shawara a Karkara: Nazari kan Ɓarkewar Annoba a Nijeriya, 1969 zuwa 2020

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi ɓarkewar zazzaɓin shawara sau biyar a karkarar Nijeriya. Ta nuna cewa sauron da ke ƙyanƙyasa a kogon itace, ba na randa da tsofaffin tayoyi kaɗai ba, shi ne babban mai kai ƙwayar bairos ga manomi.

Gabatarwa

Da an ce shawara, sunan da ke fara zuwa bakin masu wayar da kai shi ne Aedes aegypti, sauron birni. Ba a musa ɓarnarsa, shi ya ruruta annobar Jihar Oyo a 1987. Sai dai an ɗauki darasin birni an ɗora wa ƙauye: a rufe randa, a zubar da ruwan gwangwani, a kwana cikin gidan sauro. Gidan sauro kuwa an tanade shi ne domin Anopheles mai kawo maleriya, wanda ke cizo cikin dare. Da wannan ɗorawar mai binciken yake jayayya.

Hanyar bincike

An kwatanta rahotannin da aka wallafa kan Filato (1969), Oju ta Binuwai (1986), Ifelodun ta Kwara (2017), Alkaleri ta Bauchi (2019) da jihohin Delta da Inugu (2020), ta fuskar wata, wuri da nau'in sauro.

Sakamako

Dukkan biyar sun faɗo daga tsakiyar damina zuwa kaka, babu wadda ta fara cikin rani.

Filato ce ta fi bayyana dalili. Lee da Moore, waɗanda suka bi sawun annobar 1969, sun samo ƙwayar cutar a jikin Aedes luteocephalus, suka kuma lura da shingen ƙerana da mutanen yankin ke kewaye gida da gona da shi. Inda reshe ya ruɓe yakan bar ɗan rami, ruwan sama ya kwanta ciki, abin da bai wuce cikin moɗa ba. Nan macen sauro ke manna ƙwanta a bangon ramin. Ƙwan Aedes yana jure bushewa na watanni, har ma uwa takan gadar wa ƙwanta cutar. Ruwa na sauka ya ƙyanƙyashe. Kafin gero ya nuna, sauron ya cika gari. Biri mai ɗauke da bairos yana shigowa gona neman masara, sauro ya cije shi, bayan kwanaki ya ciji mai girbi da ya yi almuru yana ɗaure dami. A lokacin gidan sauronsa na can rataye a ɗaki. A Oju, Aedes africanus, wani mazaunin kogon itace, aka ɗora wa alhaki.

Alkaleri ta maimaita labarin bayan shekara hamsin. A Agusta da Satumban 2019 aka gano masu cutar a Kano da Borno, da aka bi diddigi sai aka tarar sun ziyarci dajin Yankari da ke Alkaleri. Cutar kan ɓuya kwana 3 zuwa 6 a jiki, isasshen lokacin da matafiyi zai kai ta wata jiha. Waɗanda ta tsananta gare su, ido ya yi ɗorawa har da aman jini, kusan rabinsu ke rasuwa.

Iyakar nazarin

Dole a amsa cewa rahoto yana ƙidaya wanda ya isa asibiti ne kawai, kuma a bakin jama'a kalmar shawara ta haɗa har da ciwon hanta. Wannan na iya rage ko ƙara adadi, amma bai sauya watannin ba.

Kammalawa

Ba wanda zai iya bin kowane kogon tsamiya da kaɗanya da feshi. Abin da ke hannu shi ne allurar rigakafi ta 17D da Max Theiler ya samar a 1937, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Nijeriya ta sanya ta cikin rigakafin yara 'yan wata tara tun 2004, ma'ana yawancin magidantan da ke gona yau sun riga tsarin zuwa duniya. Saboda haka maƙalar tana kira ga hukumomin lafiya da masu unguwanni da a kai allurar ƙauyukan gefen daji, ga manya da yara, tun cikin bazara kafin ruwa ya zauna.