Daga Zauren Sarkin Makafi Zuwa Teburin Amintattu

Tun kafin a san wani abu wai shi kwamitin amintattu, naƙasassun ƙasar Zamfara suna da shugabancinsu. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne da naɗinsa daga fada da 'yan majalisarsa. Shi ke raba rigima, shi ke sauke baƙon makaho da ya taso daga Jibiya ko Sabon Birni ko tsallaken iyaka daga Maraɗi, shi ya san mai zama ƙofar masallaci ranar Juma'a da mai tafiya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Attajiri in ya fitar da zakka, zaurensa yake aikawa. Babu littafi ko hatimi, amma sunan kowa yana kan sarkin, har da na wanda ciwo ya kwantar.

Na daɗe ina zama a kwamitin amintattun wata ƙaramar ƙungiya mai aiki tsakanin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, kuma a ganina tarihin wannan fage duka rigima ce a kan abu guda: wa ke riƙe da jerin sunayen.

'Yan mishan ne suka fara rubuta shi a takarda. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Turawa da hukumomin En'e suka danƙa wa mishan ɗin SIM matsugunan kutare: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Ƙaura tun 1929, saboda haka mai yanar ido yana iya bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya ya kai asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano a farkon shekarun 1940. An warkar da mutane, wannan ba mai musu. Amma taimakon ya zo da tsoro, tsoron a kai yaro magani ko makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, ya dawo da wani addini. Har yau in muka shiga ƙauye da fam a hannu, tambayar farko da dattijo zai yi ita ce, “Malam, wa ya aiko ku?” Tambayar ta girmi kowa a kwamitinmu.

Shekarar naƙasassu ta duniya, 1981, ta kawo jawabai da cibiyoyin koyon saƙa da kafinta. A 1992 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD. Sai 1996 aka yanke Zamfara daga Sakkwato, ofisoshi suka dawo Gusau, kusa da mu. Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a, aka samu hukumar zakka da waƙafi, ita ma da nata jerin. A wannan zamanin ne ƙungiyoyi irin tamu suka yi ta tsirowa, kuma kwamitocinsu duk iri ɗaya ne: basarake, ɗan kasuwa, tsohon sakataren ƙaramar hukuma, wani lokaci malami daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura don ya riƙa rubuta wasiƙu da Turanci. Mutanen kirki ne, da yawansu daga aljihunsu suke sayen buhun gero. Sai dai ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa rarrafawa a kan matakalar sakatariya da rana tsaka. Naƙasassun suna waje a gindin bishiya, sai an gama zama a kira su hoto.

Shan inna ce ta sauya wannan, ta hanyar da ba wanda ya zata. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da allurar rigakafi a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, Kano kuwa ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Da aka rasa mai shawo kan iyaye, sai aka waiwayi waɗanda cutar ta gurgunta. A Kano akwai Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa masu ƙera keken guragu, akwai Misbahu Lawan Didi da ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Irinsu suka riƙa bin masu rigakafi gida-gida. Uba yana iya korar ma'aikacin lafiya, amma da wuya ya kori gurgun da ya ce masa, “Dube ni, kada ɗanka ya zama haka.” Kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020, an samu samarin da suka iya magana gaban gwamna, suka iya lissafin alawus, suka kuma daina yarda da gindin bishiya. Su ne yanzu ke gefena a tebur, kuma su ne ke tsare ma'aji da tambaya.

Mai hange daga waje yana zaton aikin amintattu rabon kaya ne. Mafi yawansa takarda ce. Rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, tana buƙatar a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Banki ba zai buɗe asusu ba sai da takardar SCUML, ta sashen yaƙi da halasta kuɗin haram. Duk shekara akwai rahoton da za a mayar, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada shi da ranar da kekuna suka iso ba su kai rabin sunayen ba. Mai ba da tallafi yana son suna, hoto da lambar waya. Kansila yana son nasa mutanen. Sarkin Guragu yana zaune shiru, alhali shi kaɗai ya san wanda ya karɓi keke bara ya sayar, da wanda ke can bayan gari bai taɓa jin labarinmu ba. Kwamitin da ya tsallake shi, ya ce ai sarautar bara ce, kayansa a kasuwa suke ƙarewa. Wanda kuma ya miƙa masa komai ya gaji son kansa. Wata Hajiya a cikinmu ce ta taɓa tsayar da zama ta ce, “Ranka ya daɗe, matan fa? Ko naƙasa ba ta shiga cikin gida?” Gaskiya ta faɗa. Jerin sarkin na masu fita ne. Macen da ke ɗaki ba ta ciki, kurma sai an samu mai maganar hannu, yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu kuwa ba shi da sarki ko kaɗan.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu. Ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta haifar da hukumar ƙasa a 2020. Wa'adin ya cika a farkon 2024, matakalu suna nan inda suke. Ni abin da ya fi burge ni ya faru ne tun 2007 a Jigawa, inda Sule Lamido ya yanka wa naƙasassu naira dubu bakwai duk wata. Kuɗin ba yawa, amma hakki ne, ba sadaka ba.

Yanzu kuma ga 'yan bindiga. Da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Satumban 2021 don yaƙar su, mai bara ya rasa kasuwa, mai gyaran takalmi ya rasa ciniki, mu kuma muka rasa hanyar sanin wa ke raye. In an tashi gari, makaho da gurgu su ake bari a baya. Asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aiki, suna cike da yaran da yunwa ta kassara, wasunsu ba za su taɓa tashi daidai ba. Ga manoman da harsashi ya raba da ƙafa ko hannu, magidanta masu iyali, waɗanda ba su yarda a kira su guragu, ba sa zuwa zauren sarki, kuma kunya ta hana su cika fam ɗinmu. A zamanmu na baya an kawo shawarar a nemo su ta hannun limamai da masu unguwanni, aka kuma naɗa mutum biyu su fara da Zurmi in hanya ta yi kyau.