Tarihin Madatsar Ruwa ta Kainji da Batun Tsaron Lafiyarta

Tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, masana sun hango cewa kwal da mai ba za su ishi ƙasar wajen samar da wutar lantarki ba. Saboda haka aka sa injiniyoyi na Ingila da na Holan su auna Kogin Kwara, su kuwa suka zaɓi tsibirin Kainji, domin a nan kogin ya ƙuntata, ƙarƙashinsa kuma dutse ne mai ƙarfi wanda zai ɗauki nauyin gini. A 1962 aka kafa hukumar madatsun Kwara, aka soma aiki a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, Bankin Duniya yana cikin waɗanda suka ba da rance. Aiki bai tsaya ba ko a lokacin yaƙin basasa, har aka gama a 1968, Janar Gowon ya buɗe ta a 1969.

Ginin kashi biyu ne. Tsakiyarsa kankare ne zalla, tsayinsa wajen ƙafa 215, nauyinsa kaɗai ke tare ruwa. Dama da hagu kuwa tarin duwatsu ne da ƙasa da aka daddanne. An yi ɗakin injuna goma sha biyu, amma takwas aka fara sawa, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya kai wajen mil 85, ya nufi Yawuri. Shi ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma ta da mutane wajen 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Busawa.

Wanda zai fahimci tsaron wannan madatsa, lalle ya san halin Kwara. Sau biyu take cika a shekara. Da damina ruwa mai laka yakan sauko daga Gulbin Sakkwato da makwabtansa, watau farin ruwa. Sa'an nan da hunturu sai ruwan duwatsun Gini ya iso, bayan ya daɗe cikin fadamun Mali ya zubar da lakarsa, shi ne baƙin ruwa. Dabarar masu tsaron madatsa ita ce su rage tafkin da bazara, domin farin ruwa ya sami mazauni. To, a nan wahalar take. In an rage da yawa, damina kuma ta yi gardama, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, injuna sai su rasa ruwa. In kuwa an riƙe ruwa saboda wuta, sa'an nan sama ta ɓalle, ba makawa sai an buɗe ƙofofi gaba ɗaya, gama in ruwa ya haura ɓangaren duwatsu da ƙasa, zaizaye shi zai yi, ginin ya karye.

Haka ya faru a 1998 da 1999, sa'ad da aka saki ruwa, ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Nufe. Madatsa ta tsira, amma talakawan bakin kogi su suka biya. Tun da aka gina ta Jebba a ƙasa da ita kuma, abin da Kainji ta saki, Jebba ke karɓa, don haka dole shawarar su biyun ta zama ɗaya.

A 2013 Gwamnati ta danƙa gudanar da tashar ga kamfanin Mainstream, aka shiga gyaran injunan da suka mutu. Amma fa gyaran inji daban, tsaron gini daban. Madatsar da ta haura shekara hamsin tana bukatar a riƙa auna yoyon da ke bi ta ƙarƙashinta, a duba ƙofofinta kafin kowace damina, a kuma sanar da sarakuna da masu unguwanni tun da sauran lokaci, domin mutane su kwashe iyali da amfanin gona kafin ruwa ya iso.