Shunayya: Daga Karofi Zuwa Gwangwanin Fenti

Da yawa daga cikinmu mazauna birane, in za mu shafe ɗaki da shunayya mai haske, sai mu tafi kanti. Ka'idar haɗin ba ta da wuya: a gauraya shuɗi da ja har su ba da shunayya, sannan a riƙa ɗiga ta cikin farin fenti kaɗan-kaɗan ana motsawa. Idan jan ya karkata ga ruwan ɗorawa, haɗin zai yi duhu kamar laka. Haka aka koya mana a kwalejin horar da malamai. Amma kafin fenti ya zo, wannan launi yana da tarihi a gidajenmu.

Kalmar shunayya kanta daga shuni ta fito. Kakanninmu sukan jiƙa baba da toka a karofi, su tsoma zane sau da dama har ya yi baƙi. Daga nan a kai wa mabuga, su barbaɗa shuni su yi ta bugu, sai zanen ya riƙa walƙiya da shunayya. Da irin wannan turkuɗi garin Kura ya yi suna, Buzaye kuma suka riƙa sayensa don rawani.

Sauyi daga Turai ya taso. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwalta, sai ya dace da rini mai launin shunayya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. Sannu a hankali rini mai araha ya cika kasuwanni, marinanmu suka rasa ciniki, ramukan karofi da yawa suka koma juji.

Mu da muka taso muna ganin dattawa hannuwansu shuɗi fatau, mun san abin da aka rasa. A Ƙofar Mata ta Kano har yau ana rini, baƙi na zuwa kallo. Muna kira ga ƙungiyarmu ta kewaye ramukan da suka rage, ta kuma rubuta ilmin tsofaffin marina tun suna raye. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.