Jiniyar Gwaji a Ƙasashen Waje da Tarihinmu da Muka Manta



Duk ɗanmu da ya sauka Holan karatu ko aiki, ranar Litinin ta farkon wata tana jiransa. Da ƙarfe goma sha biyu na rana jiniya za ta kaure gari na kusan minti ɗaya da rabi. Baƙo ya zabura yana salati, ya leƙa taga, sai ya tarar mutanen gari suna tuƙa kekunansu kamar ba su ji komai ba. A Faransa Larabar farkon wata ce wajen tsakar rana. A Suwidin sau huɗu a shekara, da ƙarfe uku na yamma. A Suwizalan sau ɗaya, Larabar farkon Fabrairu. Duk gwaji ne, ana duba ko jiniyar faɗakar da jama'a tana aiki.

Mutanenmu da ke can sukan kasu uku a kan wannan abu. Sabon zuwa yakan firgita, wani har ya kira gida a taya shi addu'a. Wanda ya daɗe yakan mai da shi abin dariya, ya daina ma ji. Na uku shi ne wanda ya taɓa ganin tashin bom ko harin 'yan bindiga a gida. Shi ko an gaya masa gwaji ne jikinsa ba ya yarda, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya haɗa na farko da na biyu shi ne sun ɗauka wannan al'adar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. A wurinmu jiniya ta gwamna ce, ko ta 'yan sanda, ko motar asibiti, kuma saƙonta ɗaya ne: kauce daga hanya. Amma tarihi ya nuna mu ma an taɓa koya mana tsoron abin da ke faɗowa daga sama.

A yaƙin duniya na biyu, filin jirgin Kano zango ne babba. Jiragen yaƙin Ingila da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana sukan biyo ta Legas, Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sannan Khartum har Alƙahira. Jamusawa sun san muhimmancin wannan hanya. A Janairun 1942 wani jirginsu ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya yi wa filin jirgin Fort Lamy ruwan bama-bamai, ya ƙone man jiragen da aka tara. Wato yaƙin sama ya iso zango na gaba da Maiduguri.

Bayan shekara ashirin da biyar abin ya shigo cikin gida. A Mayun 1967, gab da ɓarkewar yaƙin basasa, aka kafa kwamitin kare farar hula na Legas. Aikinsa wayar da kan mutanen babban birnin ƙasa a kan abin da za su yi in jirgin yaƙi ya kawo hari, da yadda za su kauce wa bom. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa. Yaƙi ya fara ranar 6 ga Yuli. A watan Agusta wani tsohon jirgin Biyafara samfurin B-26 ya kai hari filin jirgin Kano. A watan Oktoba kuma wani jirgin fasinja samfurin Fokker, wanda aka mai da shi na jefa bom, ya tarwatse a sararin samaniyar Legas da dare. A ɗaya ɓangaren, jiragen gwamnatin tarayya sun yi ta jefa bom a garuruwa da kasuwannin Gabas, kuma farar hula masu yawa sun mutu, har mutanen can suka koma cin kasuwa a daji ko da asuba. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Wancan kwamiti na Legas shi ne kakan hukumar sibil difens da muke gani yau a shataletale da gidajen mai. An ba ta doka a 2003, aka gyara dokar a 2007 har jami'anta suka fara riƙe bindiga. Ta girma ta zama hukumar tsaro, amma aikin da aka haife ta dominsa, wato koya wa talaka inda zai nufa in an yi shelar haɗari, ya koma baya. Shi ya sa yaron Suleja zai tashi ya gama jami'a bai taɓa yin atisayen gudun haɗari ko sau ɗaya ba, sai ya je ƙasar mutane ya ji jiniya ya rasa na yi.

Kada a ce abin ya tsaya a gwaji. Sau biyu a zamaninmu jiniyar gaske ta riski mutanenmu a waje. A yaƙin Tekun Fasha, daga Janairu zuwa Fabrairun 1991, Iraƙi ta harba makamai masu linzami samfurin Scud sama da arba'in kan Saudiyya, akasari Riyad da Dahran. Hausawan Makka da Madina da Jidda suna nesa da wurin, amma waɗanda ke Riyad sun kwana suna jin jiniya, ga fargabar ko makaman na ɗauke da guba. Ranar 25 ga Fabrairu makami ɗaya ya kashe sojojin Amurka 28 a Dahran.

Na biyu ita ce Yukiren. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta afka mata, alhali dubban 'yan Nijeriya suna can, galibinsu ɗalibai, da yawa masu karatun likita. A Kharkiv da Kyiv tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa suka zama maɓoya. Ɗaliban da ke Sumy, kusa da iyakar Rasha, sun maƙale kusan mako biyu kafin a buɗe musu hanya. Jirgin farko da ya kwaso 'yan Nijeriya, na kamfanin Max Air, ya sauka Abuja daga Romaniya ranar 4 ga Maris da mutum sama da 400. A kwanakin nan, sanin ƙofar da ke kai mutum ƙarƙashin gini ya fi kuɗin aljihu amfani.

Su ma masu jiniyar ba kullum suke dacewa ba. Koriya ta Kudu ta fara atisayen farar hula tun shekarun 1970, saboda yaƙinta da Koriya ta Arewa ya tsaya ne a 1953 da tsagaita wuta kawai. Duk da haka, da safiyar 31 ga Mayun 2023 jiniya ta tashi mutanen Seoul daga barci, saƙo ya shiga wayoyi cewa a shirya ƙaura, ba a faɗi dalili ba, ba a faɗi inda za a je ba. Baƙi sun fi kowa ruɗewa don saƙon da harshen Koriya ya zo. Bayan kimanin minti ashirin aka ce kuskure ne. A watan Agusta na shekarar ƙasar ta dawo da atisayen ƙasa baki ɗaya na minti ashirin, karo na farko cikin shekara shida.

Jamus kuwa ta kwance jiniyoyinta da yawa bayan yaƙin cacar baka, tana ganin haɗari ya wuce. Da ta yi gwajin ƙasa baki ɗaya ranar 10 ga Satumban 2020, wurare da dama shiru aka ji, saƙon waya kuma ya makara. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum sama da 130 a kwarin kogin Ahr, kuma rashin isar gargaɗi da wuri yana cikin abin da aka fi kuka da shi. Yanzu duk Alhamis ta biyu a Satumba, da ƙarfe goma sha ɗaya, sai sun gwada.

Wannan darasi na Jamus namu ne. Mu a Neja ba jirgin yaƙi muke tsoro ba. Amma ruwan da ya afka wa Mokwa da asubahin 29 ga Mayun 2025, ya ci rayuka sama da 150, ya sami mutane ne a kwance. Kakanninmu suna da tambari da sanƙira, kuma kowa ya san abin da kiɗan ke nufi. Yau muna da lasifika a kowane masallaci da waya a kowane hannu, amma ba mu yi ittifaƙi a kan alama ɗaya da in an ji ta kowa zai tashi ba.

Ga 'yan'uwanmu na waje, roƙonmu kaɗan ne. Ka tambayi maƙwabci ranar gwaji da lokacinsa, ka rubuta. In ka ji jiniya ba a ranar ba, ka ɗauke ta da gaske: ka shiga gini, ka rufe taga, ka buɗe rediyo ko ka duba saƙon hukuma. Ka san maɓoya mafi kusa da gidanka da wurin aikinka. Ka ajiye fasfo da takardunka wuri ɗaya. Uwa uba, in sabon ɗanmu ya sauka, ka gaya masa kafin Litinin ɗin farko ta zo, musamman wanda ya baro gida da tabon tashin hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu a duk inda muke, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya, Suleja